Tsatsa a Jinin Dawakin Baffa Babayo

Tsoron ya kama ni ne a shagon Alhaji Abdulsalami da ke Gwallaga a garin Bauchi, wata Talata bayan la'asar, lokacin da ya ɗora yatsa a kan lambobin da na zagaye da jan biro, ya tambaye ni ko rashin abinci na iya jawo wannan. Na ce masa yana iya jawowa. Gaskiya na faɗa, haka aka koya mana a makaranta. Amma ban gama rufe baki ba na ga ya ninke takardar gida huɗu, ya sa a aljihun gaba, ya ɗauki waya. Nan take na san wanda zai kira, na kuma san mutumin ba zai kare kansa ba.

Wanda ya kira shi ne Baffa Babayo, mai kula masa da dawaki uku a bargarsa da ke Inkil. Takardar kuwa sakamakon gwajin jinin dawakin ce. Ni na ɗebi jinin da hannuna, ni kuma na kai masa takardar ba tare da kowa ya aike ni ba.

Tun ina ƙarama na san Baffa Babayo. Gidan kakata yana jingine da katangar bargar, kuma duk hutun makaranta daga gidanmu da ke Fadaman Mada can ake tura ni. A lokacin bayan bargar gonaki ne har iya ganin ido, yanzu kuwa gidaje sun zagaye ta ta ko'ina. Dogo ne siriri, kafaɗarsa ta hagu ta ɗan karkace tun wata faɗuwa da ya yi daga kan doki yana saurayi. Ba ya yawan magana da mutane. Da dawaki kuwa yini yake yi yana hira, rabi Hausa rabi Fulatanci, yana yi musu faɗa, yana ba su haƙuri.

Ba a barga aka haife shi ba. A ruga ya tashi, wajen hanyar Gombe, cikin shanun mahaifinsa. Yana ɗan shekara goma sha bakwai annoba ta shiga garken, cikin wata biyu ta bar musu saniya huɗu. Kakata ce ta ba ni wannan labari, shi bai taɓa yi mini ba. Ta ce da ƙafa ya shigo Bauchi, da sanda da lauje, ya riƙa yankar ciyawa a fadama yana kai wa gidajen masu dawaki. A haka wani tsoho mai suna Hammajoda, wanda ke kula da dawakin mahaifin Alhaji, ya lura da yadda dabbobin ke natsuwa idan saurayin ya shigo, sai ya riƙe shi. Da Hammajoda ya rasu bargar ta koma hannunsa. Da mahaifin Alhaji ya rasu, Alhaji ya gaji dawakin, ya gaji mai kula da su. Shekara talatin da huɗu ke nan. A ɗakuna biyun da ke cikin bargar ya yi aure, a nan Inna Yelwa ta haifa masa 'ya'ya, daga nan aka kai 'yarsu ɗakin miji a Alkaleri. Ba shi da wani gida ban da nan.

Dawakin na sukuwa ne da sha'awa. Alhaji yakan hau ran Lahadi da yamma idan ya sami sarari, wani lokaci kuma abokansa su ara don bikin aure. Akwai baƙi da ake kira Akawal, akwai fari da ake kira Kili, sai tsohon cikinsu, Bidi, wanda aka kawo yana duƙushi shekara goma sha tara da suka wuce. Bidi ba ya karɓar linzami daga hannun kowa sai na Baffa.

Abin da na fi tunawa tun yarinta shi ne yadda yake duba su da safe. Zai ja fatar idon doki ƙasa ya leƙa. Zai ɗaga leɓe ya danna dasashi da babban yatsa, ya jira ya ga yadda jan ke komawa. Zai kara kunne a ciki. Har kashinsu sai ya farfasa da tsinke ya shinshina, sannan ya bi ƙarƙashin wutsiya da hammata yana cire kaska. Ina jin kallon wannan ne ya sa na zaɓi karatun lafiyar dabbobi, ko da yake ban taɓa faɗa masa ba.

Akwai kuma wani hali nasa da kowa a unguwar ya sani. Shekarun baya wani linzami mai tsada ya ɓace, aka ɗora masa laifin. Bai ce komai ba, ya sunkuyar da kai. Bayan wata biyu aka ga linzamin a bayan motar Alhaji, ƙarƙashin taya. Ranar ma bai ce komai ba. Kakata ta ce haka mutanensu suke, a wurinsu tsayawa kare kai a gaban wanda kake ci a hannunsa zubar da mutunci ne.

Na gama jami'a bara, ina zaune a gida ina jiran takardar bautar ƙasa. Cikin daminar nan wani malaminmu ya kira ni ya ce yana bincike a kan jinin dawaki, yana neman wanda zai ɗebo masa daga Bauchi. Abin da yake aunawa, idan za a faɗa a sauƙaƙe, tsatsa ce. Yadda ƙarfe ke yin tsatsa idan ruwa da iska suka yi masa yawa, haka jikin dabba ke tara wasu abubuwa masu cin ƙwayoyin jini da tsoka. Jiki yana da nasa masu gadi da ke share su. Idan dabba tana ciwo, ko ba ta samun abinci mai kyau, ko an wahalar da ita, sai tsatsar ta fi ƙarfin masu gadin, kuma ana iya ganin haka a jini tun kafin a gani a ido. Na yi murna ƙwarai. Na nemi izinin Alhaji, ya ce in je in yi.

Ran Laraba na je na gaya wa Baffa cewa gobe da ƙarfe takwas zan zo, kada a ba su abinci kafin in iso. Ya ce to. Iyakar abin da na faɗa ke nan.

Da na iso ran Alhamis na tarar an share bargar fes. Dawakin suna ƙyalli, an taje musu geza, an shafa wa kofatonsu mai. Shi kansa Baffa rigar Juma'arsa ce a jikinsa. Inna Yelwa ta shimfiɗa mini tabarma kamar wata baƙuwa daga nesa, ni da na sha cin tuwo a kwanonta. Da na fito da allura ya riƙe ragamar Akawal ya ce, "Likita, bi a hankali. Wannan bai san digiri ba, harbi ya sani."

Aikin ya zo mini da sauƙi fiye da yadda na zata. Jijiyoyin wuyansu sun fito raɗau, ban yi lalube ba ko sau ɗaya. Na ji jikinsu da ɗumi, na ɗauka rana ce. Na jera kwalaben a kula, na zuba ƙanƙara, na hau keke napep zuwa tasha, na ba motar Jos. A can akwai wata Madam Omolara, ita ke yi wa malaminmu gwajin.

Bayan kwana goma sakamako ya shigo wayata. Duka ukun tsatsar ta haura inda ya kamata, ta Bidi kuwa ta kusa ninka ta sauran. Abin da ya kamata in yi shi ne in jira malamina ya duba. Ban jira ba. Na san Alhaji yana da gonar shanu, na kuma ji ana cewa yana neman mai duba masa su, sai na so ya ga cewa na san aiki. Na buga takardar a wani shago, na zagaye lambobin da ja, na nufi Gwallaga.

Ina zaune a kan benci tsakanin buhunan siminti ya yi wayar, kuma bai rage murya ba. Ya tambayi Baffa ina gero da dusa da harawar da yake aikawa suke tafiya. Ya ce ga takardar asibiti a hannunsa ta nuna dawakinsa suna cikin wahala, shi da ma ya jima yana jin ƙishin-ƙishin bai yarda ba. Ya ce ƙarshen wata zai kwashe su ya kai bargar wani abokinsa, su kuma su nemi wurin zama, don da ma akwai masu damunsa ya sayar da filin. Daga inda nake ina jin amsar da ke fitowa daga wayar. "Allah ya huci zuciyar Alhaji. To."

Na yi ƙoƙarin cewa ba yunwa kaɗai ke jawo haka ba. Alhaji ya ɗaga mini hannu, ya ce na riga na yi aikina, Allah ya yi albarka. Ya sa aka kawo mini lemo. Ban iya sha ba.

Kwana biyu na kasa zuwa Inkil. Ina kwance a ɗaki ina buɗe littattafaina ina rufewa. A rana ta uku Madam Omolara ta kira. Hausarta irin ta mutanen da suka daɗe a Jos ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta. Ta ce, "Kai yarinya, wannan doki naka ya yi gudu kafin ka ɗauki jini?" Na ce a'a, a turke na same su. Ta ce ita dai ta shekara ashirin tana wannan aiki, kuma idan ta ga dawaki uku na gida ɗaya sun tashi tare haka, har da abin da tsoka ke zubarwa a jini bayan wahala, to sun yi gudu ne, in je in tambaya. Ta ƙara da cewa ai a takardar umarnin da malam ya bayar an rubuta doki ya huta kafin a ɗebi jini, ko ban karanta ba.

Na karanta. Ban faɗa wa Baffa ba ne kawai, domin bai taɓa zuwa mini a rai cewa wani zai hau doki kafin ƙarfe takwas na safe, da cikinsa babu komai ba.

Da na shiga bargar na tarar da Inna Yelwa tana cusa tukwane a buhu. Na gaishe ta, ta amsa a taƙaice ba tare da ta ɗago ba. Na tambaye ta ko an hau dawakin ranar da na zo. Ta tsaya ta dube ni kamar na tambaye ta ko ana sallar asuba. Ta ce tun da Baffa ya idar da salla ya fitar da su ɗaya bayan ɗaya, ya kai kowanne har fadama da sukuwa ya dawo, sannan ya yi musu wanka, duk don ni. Ta ce ita ta goge masa rigar ma. Sai ta koma kan buhunta.

Baffa yana bayan ɗaki yana sara ciyawa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar kullum, har ya tambayi mutanen gida. Na yi masa bayani, na ce gudun nan ne ya ɗaga lambobin, laifina ne da ban faɗa masa ba. Ya ajiye adda. Ya ce shi abin da Hammajoda ya koya masa shi ne ba a nuna wa baƙo doki kai tsaye daga turke. Sai an motsa shi jininsa ya tashi, ƙirjinsa ya buɗe, an wanke shi. Wanda ya nuna doki a yadda ya kwana ya wulakanta dokin, ya wulakanta baƙon. Ya ce na ce kada a ba su abinci, kuma bai ba su ba.

Na tambaye shi me ya sa bai gaya wa Alhaji cewa ba ya taɓa abincin dawaki ba.

"Shekara talatin da huɗu yana ganin dawakinsa," in ji shi. "In sai na faɗa masa, to faɗar ba ta da amfani. Kuma takardar ke kika kai. In na ce ƙarya ce, ke na ƙaryata a gabansa, ga shi yanzu kika fara aiki."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Ya kau da kai ya ci gaba da saran ciyawa, ya ce in je in sha ruwa.

Daga nan Gwallaga na wuce. Na jira Alhaji ya sallami masu sayen kwano, sannan na faɗa masa komai, har da dalilin da ya sa na yi gaggawar kawo masa takardar. Ya saurara yana juya makullin mota a yatsa. Da na gama ya yi 'yar dariya ya ce, "Ran Talata takardarki ta ce ɓarawo ne, yau bakinki ya ce waliyyi ne. Wanne zan ɗauka, 'yar boko?" Na ce ya bari in sake ɗibar jinin bayan sun huta. Ya ce ya yarda, don darajar kakata. Amma ya ce in sani, shi ba zai sake sauraren dogon bayani ba. Takarda ce ta kawo maganar, takarda ce za ta kashe ta. In ta fito babu jan biro, Babayo ya ci gaba da zamansa, shi kuma zai je da kansa ya ba shi haƙuri. In ta fito da ja ko a kan doki ɗaya ne, ƙarshen wata yana nan.

Na roƙi Baffa ya bar su kwana biyu ba hawa, ba wanka, ba komai sai ci da sha. Wannan ya yi masa wuya fiye da yadda na zata. Ran Litinin da na zo na same su da ƙasa a gadon baya, ciyawa a geza, shi kuma yana tsaye gefe da tsohuwar rigar aikinsa, ya ƙi haɗa ido da ni, kamar na kama shi da abin kunya. Babu tabarma, babu barkwanci. Na ɗebi na Akawal, na ɗebi na Kili, wannan karon sai da na yi lalube kafin in sami jijiya.

Da muka zo kan Bidi sai ya ce in dakata. Ya ja fatar idon dokin ƙasa ya ce in leƙa. Inda ya kamata ya yi ja ya yi fari-fari, da ɗan rawaya a gefe. Ya ɗaga leɓe ya danna dasashi, jan ya daɗe bai komo ba. Ya ce yau kusan sati uku ke nan yana ganin haka, tun da ruwa ya yi yawa kaska ta yi musu rubdugu. Yana ba shi jiƙo, yana ƙara masa kanwa a ruwa, amma dokin yana barin rabin geronsa. Ya ce tun kafin allurata ya san tsohon ba daidai yake ba, ya so ya gaya wa Alhaji, sai wayar nan ta riga shi.

Na tsaya da allura a hannu. Na gane cewa ko da sauran biyun sun fito lafiya, lambar Bidi tana iya sake hawa, ba don yunwa ba, don ciwo da tsufa. Alhaji kuwa ya riga ya ce ba zai saurari bayani ba. Babu kowa a bargar sai mu biyu. Kwalba ta uku tana hannuna, na riga na rubuta sunan Bidi a jikinta, ga Kili nan tsaye taku uku daga inda nake. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma na faɗa masa. Na ce zan iya cika kwalbar da jinin Kili, babu wanda zai sani, daga baya sai mu nema wa Bidi magani a hankali.

Ya dube ni, karo na farko a ranar. Bai yi fushi ba. Ya ce, "In ba a ga ciwonsa ba, da me za a yi masa magani? Ɗebi nasa." Ya rungume kan dokin a ƙirjinsa, ya juya mini wuyan.

Na ɗeba. Na ƙara wata kwalba daban, na rubuta wa Madam Omolara cewa ta duba mini ko akwai cutar kaska a jinin, don in an samu, a ƙalla ina da abin da zan ɗora a gaban Alhaji kusa da lambar, ko zai duba ko ba zai duba ba. Na kuma kira malamina na faɗa masa abin da na yi da sakamakon farko. Ya yi mini faɗa sosai, ya ce lamba ɗaya ba ta yanke wa dabba hukunci, balle mutum. Ya yi alkawarin zai rubuta bayani da sa hannunsa idan sakamakon ya fito. Ban sani ba ko Alhaji zai ɗauki wannan a matsayin takarda ko a matsayin dogon bayani.

Jinin ya isa Jos ran Litinin da yamma. Madam Omolara ta ce ɗaya daga cikin sinadaran gwajin ya ƙare, tana sa ran a kawo mata ran Alhamis ko Juma'a. Wata zai ƙare ran Lahadi. Jiya na je Inkil da maganin kaska, na tarar buhunan Inna Yelwa suna jingine a bakin ƙofa a ɗaure, ta bar tukunya ɗaya da kwano biyu a waje. Baffa ya tafi fadama yankar ciyawa. Kafin ya fita ya wanke dawakin duka uku, ya taje musu geza. Bidi ya ci kaɗan.

Yau Laraba. Na duba wayata da safe, na sake dubawa bayan azahar. Sakamakon bai zo ba tukuna.